Ku Bar Yaro Ya Yi Tambayarsa

'Ya'yana masu renon ƙanana, ina so mu yi magana a kan yaron nan da ya ishe ku da tambaya. Me ya sa wata yake bin mu in muna tafiya? Ina ruwan rijiya yake tafiya da rani? Amsar da ya fi samu ita ce "kai, rufe mana baki." In kuwa ya kwance rediyon babansa don ya ga masu magana a ciki, sai a ce karambani, a nemo bulala. Alhali da bakinmu muke cewa matambayi ba ya ɓata.

An yi wani malamin firamare a Amurka, John Holt, wanda ya daɗe yana lura da 'yan ajinsa. Ya ga yawancinsu ba darasi suke bi ba, fuskar malam suke karantawa don su cinko amsar da yake so, saboda tsoron kuskure da jin kunya. Ya fitar da littafi a kan haka a 1964. Da ya fid da rai makaranta za ta gyaru, sai ya kafa mujalla a 1977 don iyayen da ke karantar da 'ya'yansu a gida ba manhaja, ba jarrabawa, abin da yaro ke marmarin sani shi ake bi. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa: babu wanda ya zaunar da jinjiri ya koya masa nahawu, amma kafin ya shekara uku yana zuba zance. Ji ya yi, ya gwada, ya yi gwaranci, aka yi dariya, ya sake gwadawa.

To, kada wani ya ji wannan ya ce na ba shi fatawar cire ɗansa daga makaranta. A Najeriya dokar 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara 9 na firamare da ƙaramar sakandare, kuma yaran da ke gararamba a titi sun ishe mu kuka. Masu bin tafarkin Holt ba sakin yaro suke yi ba. Wahalarsu ma ta fi tamu, domin sai sun zauna da shi, sun nemo masa littafi, sun kai shi wurin masu sana'a. Ni abin da na ɗauka a wurinsu shi ne yarda da yaro, kuma wannan ba ya hana shi zuwa boko da allo.

Ku dubi William Kamkwamba na Malawi. Yunwar da aka yi a ƙasarsu ta sa iyayensa suka kasa biya masa kuɗin makaranta. Ya riƙa zuwa ɗan ɗakin karatu na ƙauyensu, ya ga hoton injin da iska ke juyawa a wani littafi, Turancin ma bai ishe shi ba, zane yake bi. Yana ɗan shekara 14 ya samo tsohon keke, ya tsinto fankar tarakta a bola, ya haɗa injin da ya kunna fitilu a gidansu. Mutanen gari mahaukaci suke ce masa. Daga baya ya koma karatu har ya gama jami'a a Amurka a 2014.

Saboda haka in ɗanku ya duƙufa yana ƙera motar langa-langa, kada ku watsar masa da kaya da sunan shara. Ku tambaye shi yadda tayar take juyawa. In injin ne ya ɗauke masa hankali, ku kai shi garejin wanda kuka amince da shi ranar Asabar. In ya kawo tambayar da ta fi ƙarfinku, ku ce, "Ban sani ba, zo mu tambayi malam." Wuta da wuƙa da wayar lantarki kam ku sa ido sosai. Kuma 'ya mace ma tana da tambaya. Don Allah ku saurare ta kafin ku aike ta wanke-wanke.