Wasan Langa da Tarbiyyar Yara a Ƙasar Funtua da Malumfashi

Langa wasa ne da yara maza kan yi a dandali da farin wata, musamman da kaka, bayan an girbe dawa an cire auduga. Kowane yaro kan kama ƙafa ɗaya da hannu, ya dinga tsalle da ɗayar, suna kare "ruwansu" har ya kai masha. Wanda ya saki ƙafa ya fita. A nan yaro ke samun ƙarfin jiki da juriya da haɗin kai. To amma tsoron 'yan bindiga, musamman tun sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, ya rage fitar dare a karkara. Saboda haka ya kamata makarantun firamare su rayar da langa da rana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.