Amsoshin Tambayoyinku: Annobar Ɗa'un

Tambayarmu ta gaba daga Malama Hadiza ce a Maraɗi. Ta ce a wajen karatu ta ji an ambaci annobar ɗa'un, tana son jin wace irin cuta ce, kuma ko tana nan har yanzu.

To Malama Hadiza, mun gode. Ɗa'un cuta ce da ƙuma ke ɗaukowa daga jikin ɓera. Idan ɓeran ya mutu, sai ƙumar ta koma kan mutum. Wanda ta ciza zazzaɓi mai zafi zai rufe shi, kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ko hammata, ko wuya, wani lokaci har ta kai girman ƙwan kaza.

Mai yiwuwa wadda kika ji a karatu ita ce annobar Amwas, da ta auka wa ƙasar Sham zamanin Sayyidina Umar, inda Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal, Allah ya ƙara musu yarda, suka rasu. Mafi muni kuwa ita ce wadda ta shiga Turai a 1347, ta kashe aƙalla mutum 1 cikin 3. Ba ta bar Arewacin Afirka ba ma: a Tunis ta yi ajalin iyayen Ibn Khaldun. Sai a 1894 likita Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong. Ko Legas ta ɗanɗana a 1924.

Ɗa'un ɗin dai tana nan, Malama, musamman a Madagaska da Kwango, amma yanzu tana jin magani idan an garzaya asibiti da wuri.