Waiwaye Adon Tafiya: Nasiha Ga Ɗana Mai Gina Wasan Kwamfuta

Ɗana,

Daren Lahadin nan da ka shigo mini gida Unguwar Rimi da kwamfutarka a hammata, tun ba ka gama gaisuwa ba na ga abin a fuskarka. Ka ce wasan darar da kake ginawa ranar Alhamis lafiya lau yake tafiya, amma yanzu ko mutum ya jera 'ya'ya uku ba ya ci, kuma ka rasa inda ka taɓa. Da ka buɗe mini ma'ajiyarka sai na ƙirga jakunkuna bakwai: "dara", "dara sabuwa", "dara ta ƙarshe", "dara ta ƙarshe gyararriya", har dai sauran. Na ce wacce ce ta Alhamis ɗin, ka yi shiru. Dare ya yi, ga lacca tana jiranka da safe a Jami'ar Jihar Kaduna, shi ya sa na sallame ka. Amma maganar ta kwana a raina, ga ta nan na rubuto maka.

Shirun nan naka na san shi, don ni ma na taɓa yin irinsa. Wajen tsakiyar shekarun 1990, ina aiki a wani ofis a nan cikin gari, na rubuta 'yar manhajar lissafin albashi. A faifan fulofi nake ajiye ta, irin wanda duk cikinsa bai kai megabait ɗaya da rabi ba. Wata rana na gyara wani lissafi, na ɗora sabon a kan tsohon, na tashi na tafi gida. Ƙarshen wata ya zo, alƙaluma suka ƙi daidaita. Kwana uku ina neman layi ɗaya da hannuna ya canza, ga magidanta suna jiran haƙƙinsu. Ba wuyar aikin ce ta fi cin raina ba. Abin da ya dame ni shi ne ni na yi tafiyar, ni kuma na share sawuna, na dawo ina tambayar hanya.

To kai Allah Ya kawo ka zamanin da aka daɗe da samo maganin wannan ciwo. Tun 1972 wani masani mai suna Marc Rochkind ya ƙirƙiro tsarin adana tarihin canje-canjen rubutun manhaja a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka. Wasu tsare-tsaren suka biyo baya, har zuwa watan Afrilun 2005 da Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finland da ya assasa Linux, ya rubuta Git. Shi ne yawancin magina manhaja suke amfani da shi yau, kuma kyauta ne.

Aikinsa ba wuya. Duk sanda ka kammala wani gyara, sai ka ce masa ya riƙe maka shi. Wannan riƙon shi ne ku samari kuke kira komit. Kowane komit yana ɗauke da yadda aikin yake a daidai wannan lokacin, da sunan wanda ya yi gyaran, da rana da sa'a, da ɗan bayanin da ya rubuta. Sannan yana ɗauke da lambar shaidar komit ɗin da ya gabace shi. Ita kuwa lambar nan, mai haruffa da alƙaluma 40, daga abin da ke cikin komit ɗin ake lissafo ta. Saboda haka in wani ya koma baya ya taɓa ko harafi ɗaya a tsohon tarihi, lambarsa za ta canza, ta duk waɗanda suka biyo shi ma ta canza, asiri ya tonu.

Ranar da na fara fahimtar wannan, makarantar zaure na tuna. Malaminmu ba ya karanta mana hadisi sai ya fara da wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, har a kai tushe. Ban isa in haɗa darajar isnadi da aikin kwamfuta ba, amma tarbiyyar da ke ciki ita nake so ka gani: magana ba ta da nauyi sai an san hannuwan da ta bi. Malaman hadisi sun yi tafiyar watanni a kan raƙumi don tabbatar da mahaɗi guda a cikin sarƙa. Kai kuwa sarƙar taka na'ura ce za ta ƙulla maka, abin da ya rage gare ka kawai shi ne ka faɗi gaskiya a kowane mahaɗi.

Kuma ba sai ka je nesa ba kafin ka ga misali. Injin da kake gina darar taka a kansa, wato Godot, shi kansa tarihi ne a buɗe. Injin wasa shi ne ke ɗauke maka nauyin zana hoto a fuskar waya, da fitar da sauti, da gane inda yatsa ya taɓa, domin ka samu sukunin fuskantar wasan kansa. Wasu mutum biyu 'yan ƙasar Ajantina, Juan Linietsky da Ariel Manzur, su suka fara shi don aikin kansu. A watan Fabrairun 2014 suka saki rubutunsa ga duniya a GitHub, dandalin intanet da ake ajiye ayyukan Git, suka ce kowa ya ɗauka. Fitowa ta 3.0 ta zo a Janairun 2018, ta 4.0 kuma a Maris ɗin 2023. Tsakanin nan mutum fiye da dubu sun sa hannu a cikinsa, mafi yawansu ba su taɓa haɗa ido ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwa dubu ma ba sa ɗauka sai kowa ya san inda ɗan'uwansa ya riƙe. Tarihin canje-canjen nan shi ne ya sa suka sani. Ka buɗe shi wata rana ka karanta kamar yadda ake karanta littafi. Za ka ga inda aka yi kuskure, da inda aka warware gyaran da bai yi ba, da inda aka yi ta muhawara a kan layi biyu. Manya ma suna ɓata, bambancinsu da mu shi ne suna barin alama.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe.

Ka riƙa yin komit ƙanana, kowanne da magana ɗaya. In ka gyara yadda ake dasa 'ya'ya 12 na kowane ɗan wasa a gurabe 30, ka rufe wannan kafin ka taɓa launin allo. Wanda ya zuba gero da dawa da masara a buhu ɗaya, ranar da ya ga ƙwari ba zai san daga wace gona suka biyo ba. Akwai kuma ladar da ke tattare da haka. Git yana da wata dabara ta neman inda aiki ya lalace: ka nuna masa komit mai lafiya da marar lafiya, shi kuma ya kai ka tsakiya ya ce ka gwada, ya sake raba ragowar biyu, har a iso kan mai laifin. Ko da komit 1,000 ne a tsakani, gwaji wajen 10 ya isa. Da kana da wannan ranar Lahadi, da kafin shayi ya huce mun gano abin da ya hana uku ci.

Sai bayanin da kake rubutawa, kuma a nan nake so ka fi tsayawa. Na'ura da kanta za ta nuna layin da ka canza. Abin da ba za ta taɓa iya nunawa ba shi ne dalili. Kada ka rubuta "gyara" ko "canji" ka wuce. Ka rubuta: "Na hana jera huɗu a layi ɗaya ya zama ci, domin a ƙa'idar da muka zaɓa uku kaɗai ake lissafawa." Ka san dara ba ƙa'ida ɗaya ake bi a ko'ina ba, yadda ake yin ta a wani gari yakan ɗan saɓa da na wani. Nan da wata shida wani zai ga layin nan ya ɗauka kuskure ne ya so cire shi, kuma mai yiwuwa wanin nan kai ne da kanka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai ɗaki ma yana mantuwa in rani ya daɗe. In kuma Hausa ta fi zo maka a baki, kuma abokan aikinka suna ji, ka rubuta da ita. Git bai zaɓi harshe ba.

Ka faɗi gaskiya ko da a kanka ne. In kai ka ɓata, ka rubuta cewa kana gyara ɓarnar da ka yi a komit kaza. Akwai wani umarni a Git da ke nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, sunansa a Turanci yana nufin ɗora laifi. Ina roƙonka kada ka yi amfani da shi yadda sunan ya nuna. In ka ga sunan abokinka a kan layin da ya lalace, ka ɗauka an nuna maka ƙofar da za ka yi sallama ka tambaya, ba wanda za ka tozarta a gaban jama'a ba. Tawagar da ake kunyata mutum a cikinta, kowa zai koyi ɓoye kuskurensa, daga nan kuma tarihi ya zama ƙarya.

In za ka gwada wani sabon abu, misali koya wa kwamfuta ta yi dara da mutum, ka fitar da reshe. Reshe hanya ce ta gefe: ka yi ta gwaji a can, gangar jikin aikin na nan lafiya. In ya yi kyau ka haɗe su, in bai yi ba ka bar shi. Wannan ne zai raba ka da jakunkuna bakwai. Amma tarihin da ka riga ka tura wa abokan aiki, kada ka koma ka sake masa fasali ba da saninsu ba. Abin da ya fita daga hannunka ya zama na jama'a.

Ka rubuta wace fitowar injin kake amfani da ita, kuma ranar da za ka ƙaura zuwa sabuwa ka ba ƙaurar komit nata ita kaɗai. Lokacin da Godot ya tashi daga 3 zuwa 4 an canza sunayen abubuwa da yawa, yaren rubutunsa ma ya sauya, har sai da tsofaffin ayyuka suka buƙaci juyi. Wanda ya cakuɗa ƙaura da gyaran wasa ba zai gane ko shi ya ɓata ko ƙasa ce ta motsa a ƙarƙashinsa ba. Kuma ka kiyaye: kada kalmar sirri ko mabuɗin asusu su shiga tarihi. In sun shiga, gogewa daga baya ba ta fitar da su, suna nan kwance a tsohon komit. Magana zarar bunu ce.

Na san halin da muke ciki na wuta da data. To ka kwantar da hankali, Git ba ya buƙatar intanet kafin ya riƙe maka aiki. Tarihin gaba ɗaya yana cikin kwamfutarka, ko an ɗauke wuta kana iya yin komit da ragowar caji. Sai dai duk sanda ka samu sabis ka tura kwafi waje, domin kwamfuta ɗaya ba ma'ajiya ba ce. Ruwa na iya zuba, ana iya mantuwa da jaka a keke tsakanin Kawo da Kasuwar Gumi. Ka ji labarin Jordan Mechner, wanda ya fitar da wasan Prince of Persia a 1989. Rubutun wasan ya ɓace masa fiye da shekara 20. Sai a 2012 mahaifinsa yana kwashe kaya ya aiko masa da wani kwali, ashe faya-fayan suna ciki. Da taimakon masu tsofaffin na'urori aka ciro rubutun, a watan Afrilun shekarar ya ɗora shi a GitHub. Shi ya dace da uba mai ajiya. Ka dubi kuma wasan Doom, wanda ya fito a 1993: masu shi sun saki rubutun injinsa a Disambar 1997, har yau mutane na gini a kansa. Abin da aka raba wa hannuwa da yawa ba ya ɓata da sauƙi.

Ranar da ba ka da lacca ka zo mu je Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda tun 1970 ya zama cibiyar adana tarihi da bincike, Farfesa Abdullahi Smith ne daraktanta na farko. Akwai littattafan hannu na Larabci da ajami a can. Abin da nake so ka lura da shi a irin waɗannan littattafai shi ne gefen shafi. In mai kwafa ya tsallake kalma, ba ya yaga takardar. A gefe yake rubuta ta, ya sa alamar cewa wannan shi ne daidai, kuskuren da gyaran duka suna nan kowa na gani. Sau da yawa kuma in ya kai ƙarshe yakan sa sunansa, ya roƙi mai karatu addu'a da afuwa a kan abin da alƙalami ya zame. Mutanen nan ba su san wanda zai buɗe littafin ba, amma sun ɗauke shi a matsayin mai haƙƙi a kansu. Mu al'umma ce da aya mafi tsawo a Littafinta take umartar a rubuta bashi. Rubuta abin da ya gudana ba baƙon abu ba ne a gidanmu.

Dara kuwa da ka zaɓa, kakanninka a ƙasa suka haƙa gurabenta, da tsinke da tsakuwa suka yi ta, iska ta zo ta rufe ramukan amma wasan ya iso gare ka, don wani ya koya wa wani. Kai ne mahaɗi na gaba. Wata rana wata yarinya a Malali ko wani yaro a Maraɗi zai ɗauki aikinka ya so ya ƙara masa wani abu. Ka bar masa sawun da zai bi.

Saboda haka yau da daddare, bayan isha'i, ka zaɓi jaka ɗaya cikin bakwai ɗin nan, wadda ta fi kusa da lafiya. Ka yi mata komit na farko, ka rubuta gaskiyar halin da take ciki, har da cewa uku ba ya ci tukuna. Gobe in ka gano dalili, wannan ne zai zama na biyu. In wasan ya tashi ka kawo mini, ni zan fara dasawa.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa albarka a hannunka.

Baffanka.