Ɗakin sauraron rediyo

A Dogondutsi da Tibiri, mutane da yawa sun bar ɗakin laka, sun gina na siminti mai rufin kwano. Ɗakin ya yi kyau. Amma in an buɗe rediyo ciki, murya sai ta riƙa ruri kamar ana magana cikin tulu. Muryar Sahel na faɗin ranar allurar rigakafin yara, ku ko ba ku ji ranar ba.

Mi ya kawo haka? Ƙara tana tafiya kusan mita 340 cikin daƙiƙa guda. In ta bugi bangon siminti, sai ta komo, kamar amsa-kuwwa a gindin dutse. Akwai siririyar ƙara, irin ta sarewa. Akwai kakkaura, irin ta ganga. A ƙaramin ɗaki, kakkaurar ita ce mai wuyar magani. Tana kai da komo tsakanin bango da bango, tana taruwa a kusurwa, har ta danne magana.

Ku gwada. Ku buɗe rediyo lokacin kiɗi, ku tsaya tsakar ɗaki, sannan ku koma kusurwa. Za ku ji rurin ya ƙaru.

Kada ku ɓata kuɗinku ga tabarmi da labule kawai. Abu marar kauri, siririyar ƙara yake sha, ya bar kakkaurar. Ga abin da ya kamata:

1. Ku ɗauke rediyo daga kusurwa, ku janye ta daga bango.
2. Ku cika buhuna da auduga ko tsummoki, ku jera su a kusurwoyi, daga ƙasa zuwa sama.
3. Ku jingina tsohuwar katifa a bangon baya, ku bar fili kamar taƙi guda bayanta.
4. Kada masu sauraro su manne da bango.

Hattara: auduga ba ta shiri da wuta. Ku nisanta fitila da taba, ku riƙa dubawa don ɓera da gara.

Tambayoyi
1. Wace ƙara ce ke taruwa a kusurwa?
2. Don mi tabarma kaɗai ba ta isa?
3. Ku auna tsawon ɗakinku da faɗinsa, ku rubuta.