Darasi: Hawan Jini Ga Mai Juna Biyu

Iyayena da 'yan uwana mata, yau ina so mu tattauna kan hawan jinin masu ciki, domin shi ke kai mace ga jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Ba iska ba ce, ba sammu ba. Ciwo ne da ake ganowa da wuri idan ana zuwa awo.

Yawanci yakan fara bayan ciki ya wuce sati 20, wato wajen wata biyar. In awon jini ya nuna 140 bisa 90 ko sama, to ya hau, ko da mace tana jin lafiyarta lau.

Akwai wani sinadari a jini mai suna kalsiyam, shi ke gina ƙashin jariri. Idan ya yi ƙaranci a abincin uwa, haɗarin hawan jini yana ƙaruwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba masu ciki ƙwayarsa kullum a wuraren da abinci ba ya wadatar da shi. Muna samun sa a nono, kindirmo, zogale, kuka, riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu.

Ina yawan jin ana cewa, "Ba na shan maganin ƙarin jini, kar jinina ya hau." Ƙarancin jini daban, hawan jini daban, mace ɗaya ma tana iya fama da duka biyun. Ku sha abinku. Sai dai kar a haɗa shi da ƙwayar kalsiyam lokaci ɗaya, a bar 'yan awanni a tsakani.

A garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne, idan an ga:
- ciwon kai mai tsanani da ya ƙi sauka
- gani dishi-dishi
- kumburin fuska da hannuwa
- ciwo a saman ciki, ƙarƙashin haƙarƙarin dama

A can akwai allurar magniziyam da ke hana jijjiga. Ku sani kuma ciwon yana iya tasowa bayan haihuwa, don haka a sa wa mai jego ido, a rage mata kanwa da gishiri.

Mu tattauna: nawa za mu ware daga asusun gaggawa don kuɗin mota? Wane direba za mu kira da dare? Wa zai yi magana da mazajenmu tun yanzu, don kar neman izini ya ɓata lokaci?