Tsarin Tsaftar Gida a Kutawa

A Kutawa da sauran garuruwan Dutsin-Ma da Kurfi, tsaftar gida ta fi ɗorewa idan aka ba kowane aiki ranarsa da mai yinsa. Sharar tsakar gida da zaure aikin kullum ne bayan sallar asuba, kuma da hunturu ana yayyafa ruwa tukuna domin ƙura ta kwanta. Wanke randa da yashe kwata, wato hanyar ruwan wanka, aikin mako-mako ne, musamman da damina, domin ƙwan sauro kan zama sauro cikin kwana 7 zuwa 10 a kwantaccen ruwa. Rumbu kuwa a share shi kafin kaka, a toshe ramukan ɓeraye. Wajibi ne magidanta su sa yara maza da mata cikin wannan aiki.