Amsa-kama a Aji: Kalmar "Fata-fata"

Idan Bahaushe ya ce yaro yana da kunnuwa fata-fata kamar na zomo, ya yi amfani ne da amsa-kama, wato kalmar da ke zana kamannin abu a zuciyar mai sauraro. Ɗalibai da yawa sukan ɗauka tsawo take nufi, saboda an san zomo da dogayen kunnuwa. Wannan kuskure ne. Abin da take bayyanawa shi ne faɗi da buɗewa, tare da rashin kauri. Shi ya sa ake cewa ganyen gwaza fata-fata, amma ba a cewa sanda fata-fata komai tsawonta. Kalmar takan biyo bayan sunan da take siffantawa, kuma ta fi zama da jam'i. 'Yan'uwanta a wannan tsari su ne dara-dara ga idanu, da zaƙo-zaƙo ga haƙora ko farata.

A rubutu tana kama da wata fata-fata, ta jumlar "an yi fata-fata da kaya", mai nufin watsewa. Furuci ne ke raba su. Ta kunnuwa tana da dogon wasali a ƙarshen kowane ɓangare, kuma sautinta yakan faro sama ya sauka a ɓangare na biyu. Ta watsewa kuwa gajerun wasula gare ta. Tun da rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna waɗannan, jumla ce kaɗai jagorar mai karatu.

Ɗalibin malanta da aka tura koyon aiki Boɗinga ko Shagari zai ji yara suna cewa hwata-hwata, domin a Sakkwatanci /f/ takan zama /hw/ kafin wasalin /a/, kamar yadda fari ke zama hwari. Yaron bai yi kure ba, karin harshen gidansu ne. Abin da ya kamata shi ne a karɓi furucinsa, sannan a nuna masa cewa Daidaitacciyar Hausa da "f" take rubutawa. Malamin da ya yi masa dariya kan haka, da wuya ya sake jin muryarsa a aji.

Haka kuma kalmar tana yawo a bakin yara wajen tsokana, don haka kada a buga misali da kunnen wani ɗan aji. Zomo da ganye sun wadatar.

Aiki: A gina jumla biyu da kowace ma'anar fata-fata, a karanta su a bayyane.